Ma'anar "dirty work" da yadda Turawa ke amfani da ita

A ranar 17 ga watan Yunin shekarar 2025, kwanaki huɗu bayan da Isra'ila ta fara kai hare-hare a kan Iran, shugaban gwamnatin Jamus Friedrich Merz ya yi hira da gidan talabijin na ZDF, a gefen taron ƙasashe bakwai masu ƙarfin masana'antu da aka yi a Kanada.

A cikin hirar, Mista Merz ya ce abin da Isra'ila take yi "Drecksarbeit" ne, kuma a madadinsu duka take yi. Kafofin yaɗa labarai na Turanci sun fassara wannan kalma ta Jamusanci da "dirty work".

'Yar jaridar da ke yi masa tambaya ce ta fara furta kalmar, shi kuma ya amince da ita. Duk da haka furucin ya jawo ce-ce-ku-ce a cikin Jamus, har gwamnatin Iran ta kira jakadan Jamus a Tehran domin nuna rashin jin daɗinta.

Abin da ya sa furucin ya yi nauyi haka shi ne, wannan salon magana ba ya tsayawa kan bayyana irin aikin da aka yi. Yana kuma tona cewa akwai wanda aka yi wa aikin, wanda ya koma gefe yana kallo.

Ma'anoni biyu

Kalmar "dirty" na nufin mai dauɗa ko ƙazanta, "work" kuma aiki. Masana harshe na cewa kalmar "datti" da Hausawa ke amfani da ita aro ce daga wannan kalma ta Turanci.

Ita kanta kalmar "dirt" Turawan Ingila sun samo ta ne daga "drit", kalmar tsohon harshen mutanen arewacin Turai, wadda ke nufin bayan gida. Daga baya ma'anarta ta faɗaɗa, ta haɗa da laka da ƙura da duk wani abu mai ɓata jiki ko tufa, sannan ta kai ga abin da ke ɓata suna da mutunci.

Saboda haka ne ƙamusoshin Turanci ke bai wa "dirty work" ma'anoni biyu.

Ta farko ita ce aiki mai wahala ko ƙyama, wanda kowa ke gudu amma tilas a yi shi, kamar kwasar shara, da yasar masai, da wanke majinyaci, ko kuma sanar da ma'aikaci cewa an sallame shi. A nan babu laifi ko zunubi a cikin aikin, rashin daɗi ne kawai.

Ta biyu kuma ita ce aikin rashin gaskiya ko na keta doka, kamar razana abokan hamayya, da ɓata sunan mutum, da ɓoye shaida, har ma da kisa, wanda wani ke sa a yi masa domin kada a ga hannunsa a ciki.

Abin da ya haɗa ma'anonin biyu shi ne, a kowace akwai mai cin moriyar aikin, kuma ba shi ne yake yin sa ba.

Yadda ake sa shi a jumla

Galibi furucin yana tafiya ne da kalmar aikatau "do", watau yi.

Idan Bature ya ce "The manager got his deputy to do his dirty work", yana nufin manajan ya sa mataimakinsa ya aikata masa abin da shi ba ya so a ce shi ya aikata.

Abin lura a nan shi ne kalmar "his". Duk da cewa mataimakin ne ya yi aikin, Turanci na jingina shi ga manajan, watau aikin nasa ne, aron hannu kawai ya yi. Wannan ƙaramar kalma ta mallaka ita ce ke ɗauke da zargin.

Shi ya sa idan mutum ya ƙi yarda a yi amfani da shi, sai ya ce "Do your own dirty work", ma'ana je ka yi da hannunka, ni ba za a haɗa baki da ni ba. Magana ce mai zafi, wadda ba a cika faɗa wa na gaba ba sai an shirya ɓatawa.

Idan kuwa aka ce "the dirty work" ba tare da an jingina shi ga kowa ba, sau da yawa ma'anar farko ake nufi. Alal misali "She did all the dirty work and he took the credit" na nufin ita ta sha wahalar, shi kuma ya kwashe yabon.

Akwai kuskure biyu da masu koyon Turanci kan yi. Kalmar "work" a wannan ma'ana ba ta da jam'i, don haka ba a cewa "dirty works". Kazalika ba a cewa "a dirty work". Wanda ke son ya ambaci aiki guda ɗaya sai ya ce "a dirty job".

Da wannan kalma ta "job" ce Turawa ke da wata magana da suka saba yi, cewa aiki ne mai datti amma dole wani ya yi shi. Sukan faɗe ta da gaske, sukan kuma faɗe ta cikin raha, kamar idan aka sa mutum ɗanɗana abinci a gidan biki.

Furucin na maganar yau da kullum ne. Ana jin sa a hira, da muhawarar 'yan siyasa, da kanun labaran jaridu, amma ba a cika sa shi a takardun hukuma ko na kotu ba.

Inda yake zama yabo

A fagen wasanni, musamman ƙwallon ƙafa, furucin yabo ne. Masu sharhi a Ingila kan ce ɗan wasa yana yin "dirty work" idan shi ne mai tare 'yan gaba, da ƙwato ƙwallo, da zirga-zirgar da ba a cika lura da ita ba, yayin da wasu ke zura ƙwallo a raga ana yi musu tafi.

Misalin da aka fi bayarwa shi ne Claude Makelele na Faransa, wanda ya bar Real Madrid ya koma Chelsea a shekarar 2003. Bayansa an yi ta faɗin haka a kan N'Golo Kante. Ba ana nufin suna wasan ƙeta ba ne, domin shi wannan "dirty play" ake ce masa.

A fagen ƙwadago ma ma'anar ba ta zargi ba ce. Akwai abin da ake kira ayyukan "3D", watau masu datti, da haɗari, da wahala. Asalin laƙabin daga Japan yake, inda kalmomin uku duk suke farawa da harafin K, kuma a ƙasashe masu arziki galibi baƙi 'yan ci-rani ne ke yin irin waɗannan ayyuka.

A watan Fabrairun 1968, ma'aikatan kwasar shara baƙar fata kimanin 1,300 sun shiga yajin aiki a birnin Memphis na Amurka, bayan da motar shara ta murƙushe biyu daga cikinsu. Goyon bayansu ne ya kai Martin Luther King birnin, inda aka harbe shi a ranar 4 ga watan Afrilu na wannan shekara.

A irin wannan yanayi, wanda ya ce mutane na yin "dirty work" na al'umma tausaya musu yake yi, yana kuma tuhumar waɗanda ke amfana da guminsu suna raina su.

Mai aike da ɗan aike

Ma'ana ta biyu ita ce aka fi cin karo da ita a labaran siyasa, kuma tarihin Ingila na da misalin da ake yawan komawa gare shi.

A ƙarshen shekarar 1170, Sarki Henry na Biyu yana cikin rikici da Thomas Becket, babban limamin cocin Canterbury, a kan ikon sarauta da na coci. Sarkin yana Normandy, a Faransa ta yanzu, sai ya fusata ya yi ta faɗa a gaban fadawansa a kan yadda suka zuba ido wani limami yana wulaƙanta shi.

Masana tarihi sun saɓa a kan ainihin kalmomin da ya furta. Abin da ba a saɓa a kai ba shi ne, jarumai huɗu sun tashi suka tsallaka teku, suka kashe Becket a cikin cocinsa a ranar 29 ga watan Disamba.

Sarkin ya ce shi bai ba da umarnin kisa ba. Paparoma ya kori jaruman daga coci, shi kuma Henry ya je kabarin Becket a shekarar 1174 ya nuna nadama a bainar jama'a, ya ci gaba da mulki har ya mutu a 1189.

Irin wannan tazara tsakanin mai so da mai aikatawa ita ce furucin ke nuni da ita. Mai iko ba ya buƙatar ya ba da umarni a fili. Ya isa ya nuna abin da ransa ke so, na ƙasa da shi su ƙarasa.

A Amurka kuma akwai abin kunyar Watergate. A ranar 17 ga watan Yunin 1972 aka kama mutane biyar cikin dare a ofishin jam'iyyar Democrat da ke ginin Watergate a Washington, ɗauke da na'urorin satar sauraro. Bincike ya gano alaƙarsu da kwamitin yaƙin neman zaɓen Shugaba Richard Nixon.

Faya-fayan da aka naɗa a fadar White House sun nuna cewa Mista Nixon na da hannu a yunƙurin rufa-rufa, abin da ya tilasta masa yin murabus a watan Agustan 1974. Wata guda bayan haka magajinsa Gerald Ford ya yi masa afuwa.

Muƙarrabansa kuwa ba su tsira ba. Tsohon ministan shari'a John Mitchell, da shugaban ma'aikatan fadar H. R. Haldeman, duk sun yi zaman kurkuku, yayin da Gordon Liddy, ɗaya daga cikin waɗanda suka shirya kutsen, ya shafe fiye da shekaru huɗu a ɗaure.

Tsakanin ƙasa da ƙasa

Ba mutane kaɗai ake yi wa wannan zargi ba. 'Yan jarida da masu kare haƙƙin bil Adama kan yi amfani da furucin a kan gwamnatocin da ke miƙa wa wata ƙasa, ko sojojin haya, ko kamfanoni masu zaman kansu, aikin da dokarsu ta hana su yi.

A shekarar 1978, tsohon jami'in hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA, Philip Agee, tare da Louis Wolf, sun fitar da wani littafi mai suna "Dirty Work" a kan ayyukan hukumar a Yammacin Turai. Wani kundi na biyu ya biyo baya a kan ayyukanta a Afirka.

Bayan hare-haren 11 ga watan Satumbar 2001, an sake jin furucin sosai dangane da yadda Amurka ke kai waɗanda take zargi da ta'addanci wasu ƙasashe domin a yi musu tambayoyi.

Maher Arar, injiniya ɗan ƙasar Kanada haifaffen Siriya, na cikin waɗanda abin ya faɗa wa. An tsare shi a filin jirgin sama na New York a watan Satumbar 2002, aka kai shi Siriya ta hanyar Jordan, inda ya yi kusan shekara guda a tsare.

A shekarar 2006 wani kwamitin bincike na Kanada ya tabbatar da cewa an gana masa azaba, kuma babu wata shaida da ke alaƙanta shi da ta'addanci. A watan Janairun 2007 Firayim Minista Stephen Harper ya nemi gafararsa, gwamnati ta biya shi diyyar dalar Kanada miliyan 10.5.

Abin da masana suka ce

Wanda ya shigar da furucin cikin harshen ilmi shi ne Everett Hughes, masanin halayyar zaman jama'a na Jami'ar Chicago.

Ya ziyarci Jamus a shekarar 1948, ya tattauna da malamai da ma'aikata da sauran mutanen gari a kan abin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa. A shekarar 1962 ya wallafa wata maƙala mai suna "Good People and Dirty Work", watau mutanen kirki da ƙazamin aiki.

Hujjarsa ita ce, 'yan tsiraru ne suka aikata ta'asar da hannunsu, amma ba za su iya ba sai da shirun mutanen da ke ganin kansu na kirki, waɗanda ke son a raba su da wata matsala, ba sa kuma son sanin yadda aka yi. Ya ce wannan hali bai tsaya ga Jamus ba, ya kawo misali da yadda jama'a ke kau da kai daga abin da ke faruwa a gidajen yari.

Hughes da masanan da suka biyo bayansa sun kasa irin wannan aiki gida uku: mai ɓata jiki, kamar na mahauta da masu haƙar kabari, da mai zubar da daraja saboda cuɗanya da waɗanda jama'a ke ƙyama, kamar na gandirobobi, sai kuma wanda ake wa kallon ya saɓa wa ɗa'a.

A shekarar 2021 ɗan jaridar Amurka Eyal Press ya fitar da littafi mai suna "Dirty Work", inda ya bibiyi rayuwar gandirobobi, da masu sarrafa jiragen yaƙi marasa matuƙa, da ma'aikatan mayankar kaji, da na rijiyoyin mai. Ya nuna cewa galibinsu talakawa ne da ba su da zaɓi, kuma su ake bari da nauyin abin a zuciya.

Matsayin shari'a

Doka ba ta amince da cewa tazarar da ke tsakanin mai aike da ɗan aike tana wanke ɗayansu ba.

A Ingila, wata doka ta shekarar 1861 ta tanadi cewa duk wanda ya taimaka, ko ya zuga, ko ya sa aka aikata babban laifi, za a hukunta shi tamkar shi ya aikata.

A ɗaya ɓangaren kuma, dokar da ta kafa kotun Nuremberg a shekarar 1945 ta ce bin umarnin na gaba ba ya kuɓutar da mai laifi, sai dai a duba shi wajen sassauta hukunci.

A shekarar 2012 kotun musamman ta Saliyo ta samu tsohon shugaban Laberiya Charles Taylor da laifin taimaka wa 'yan tawayen Saliyo wajen aikata laifukan yaƙi, ta yanke masa ɗaurin shekaru 50, duk da cewa ba shi ne ya riƙe bindiga ko adda ba.

Furuci masu kama da shi

Akwai wasu kalamai da ake iya rikita su da wannan.

"Donkey work" na nufin aikin wahala mai gundura, babu batun laifi a ciki. "Dirty tricks" kuma makirci ne na siyasa, kuma ya yi tashe ne a zamanin Watergate. "Dirty money" kuɗin haram ne.

"Hatchet man" shi ne mutumin da ake turawa ya yi kora ko ya ci mutuncin abokan hamayya. "Fall guy" shi ne wanda ake ɗora wa laifi idan asiri ya tonu.

"Cat's paw" na nufin wanda aka yi amfani da shi bai sani ba. Ya samo asali ne daga wata tatsuniyar Turai, inda biri ya yaudari kyanwa ta ciro masa gasassun 'ya'yan itace daga wuta, ita ta ƙone ƙafa, shi ya cinye.

"Get your hands dirty" na iya zama yabo ga shugaban da ke shiga aiki da kansa, yana kuma iya nufin tsoma hannu cikin rashin gaskiya. A Ingila kuma "do the dirty on someone" na nufin cin amanar mutum, ba shi da alaƙa da aike.

Yadda za a fassara shi

Fassarar kalma da kalma, watau "aiki mai datti", ba ta isar da saƙon, domin Bahaushe zai ɗauka ana maganar kwata ne ko bola.

Idan ma'anar farko ake nufi, "aikin wahala" ko "aikin da kowa ke gudu" sun wadatar. Inda ake kukan cewa wani ya sha wuya wani ya ci riba, karin maganar da ta dace ita ce kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Idan ma'ana ta biyu ce, "ɗanyen aiki" da "aika-aika" da "aikin assha" duk suna nuna munin abin. To sai dai ba sa nuna cewa akwai wanda ya yi aiken, don haka sai mai fassara ya ƙara da cewa an yi ne a madadin wane, ko kuma ya kira mai aikatawar karen farautar wane. Inda zuga ce ta yi aiki, kamar a labarin Sarki Henry, ana iya cewa an ingiza mai kantu ruwa.

Kafin a zaɓi ɗaya, ya kamata a duba abubuwa uku: wane ne ya yi aikin, wa aka yi wa, sannan mai maganar yabo yake yi ko zargi.

Furucin Mista Merz ya nuna abin da kan faru idan amsar ta ƙarshe ba ta fito fili ba. Magoya bayansa sun fahimce shi da ma'anar farko, watau aiki mai wuya da ya zama dole wani ya ɗauka. Masu sukarsa kuwa sun ji ma'ana ta biyu, suka ce shugaban wata babbar ƙasar Turai ya amsa da bakinsa cewa ana yi musu aikin da ba za su iya kare shi a gaban dokokin duniya ba, kuma ya yi hakan ne da kalmar da ba ta dace da yaƙin da ake asarar rayuka a cikinsa ba.